Na share wa Baba kwamfuta, yanzu yana zargin tsufansa

Anti, don Allah ki taimake ni, sati biyu ke nan abinci ba ya yi mini daɗi.

Mahaifina likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Shekara tara yana rubuta littafi kan cututtukan da ya yi ta fama da su a wurin aiki, da hotuna da bayanin magani. Komai yana cikin wata tsohuwar manhaja a kwamfutarsa ta tebur. Kullum da hantsi zai zauna da kofin shayinsa, tabarau a kan karan hanci, yana danna haruffa da yatsa ɗaya. Ƙannena har tsokanarsa suke yi wai kaza ce ke tsattsagar hatsi.

Ni kuwa Anti, ba na iya ganin tarkace in ƙyale. Da na je gida ya ce na'urar tana nauyi, na ce ya bar mini. Da ya fita masallaci na buɗe jerin manhajojin da ke ciki, sai na ga wasu guda bakwai masu suna iri ɗaya, shekarar da ke jikin sunan ce kawai ta bambanta. Na ce to ga masu cinye wuri nan. Na goge shida, na bar mafi sabunta, har ina jin daɗin kaina.

Washegari manhajar littafin ta ƙi buɗewa. Sai ta fito da ɗan akwati tana cewa wani fayil ya ɓace. Ashe waɗanda na goge ɗin ƙananan manhajoji ne da manya ke dogara da su kafin su tashi. Na sauko da wata daga intanet a ɓoye, na'urar ta ce ai akwai wadda ta fi ta sabunta. Na sauko da wata, ta shiga lafiya, amma littafi shiru. Mai gyaran da na kira a waya ya ce a kawo ya wanke na'urar gaba ɗaya, wato ya goge duk abin da ke cikinta, nan take na kashe wayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai zarge ni ba ko kaɗan. Kansa ya zarga. Ya ce wataƙila hannunsa ne ya yi rawa ya danna wani abu, don kwanan nan ma yana manta inda ya ajiye makulli. Ya ɗauko tsohon zanin gado ya rufe kwamfutar, ya ce wa Mama, "Ai lokacin ya wuce, kan ya gaji." Tun daga ranar bai sake shiga ɗakin ba. Yana zama a baranda yana kallon titi, shayin ya huce a gabansa.

Wallahi na so in faɗa masa, amma na yi shiru ranar farko, ta biyu ta fi ta farko wuya. Ni ce ya fi yarda da ita a cikinmu. Mijina ya ce in gyara a asirce kawai, magana ta mutu. Shin aikin nasa ya salwanta? Kuma in faɗa masa ko in bi ta mijina?

'Yar Baba mai nadama

AMSA

'Yar uwa, share hawayenki. Bisa abin da kika bayyana, littafin yana nan. Abin da kika goge ba rubutun ba ne, abin da ke taimaka wa manhajar ta tashi ne. Kuma kuskurenki mutane da yawa sun yi shi, don duk mai son tsabta zai ɗauka maimaici ne. Sai dai kowace manhaja tana neman ta shekarar da aka gina ta da ita, sabuwa ba ta maye gurbin tsohuwa.

Kin yi daidai da kika kashe wa mai wankin na'ura waya. Kafin ki sake taɓa komai, ki kwafe fayilolin littafin da hotunan a filashi, ki ajiye wani kwafin a wani wuri daban. Sannan ki rubuta sunan fayil ɗin da akwatin ke cewa ya ɓace, harafi da harafi. Lambar da ke jikinsa ita za ta nuna miki shekarar da ake nema. Ki sauko da ita daga shafin kamfanin da ya yi ta kaɗai. Ki lura kuma, kowace tana zuwa iri biyu, mai lamba talatin da biyu da mai sittin da huɗu. Tsofaffin manhajoji yawanci ta farkon suke so, ina kyautata zaton ta biyun kika saka. Ki saka duka biyun da izinin mai kula da na'ura, wato zaɓin da ke ba ki cikakken iko a kanta, ki kashe ta ki kunna. Amma hanya mafi sauƙi ita ce faifan da manhajar ta zo da shi, don galibi abin da take buƙata yana ciki. Mutumin da ya adana bayanan aikinsa haka, zai yi wuya ya jefar da faifai. Shi kaɗai ya san aljihun teburin da yake.

Kin ga ke nan mun zo kan tambayarki ta biyu. Na fahimci mijinki, yana so ya rage miki kunya ne, kuma gaskiya Baba zai iya yin fushi. Amma idan kin gyara a ɓoye, na'urar za ta tashi, shi kuwa zai ci gaba da tsoron hannunsa. Zai zauna a gabanta yana jin cewa kowane lokaci kansa zai sake cin amanarsa. Wannan ba abin da za a sauko da shi daga intanet ba ne, a bakinki yake.

Saboda haka kar ki jira sai gyara ya yi. Ki je yau, ki zauna kusa da shi a barandar, ki ce Baba ni ce na yi, hannunka bai taɓa komai ba. Idan ya yi faɗa ki sunkuyar da kai, faɗan ma alama ce ta ya dawo. Daga nan ki roƙe shi ya nemo miki faifan, kuma ki bar shi ya yaye zanin da hannunsa. Allah Ya ba ku sa'a, Ya ƙara masa lafiya, Ya nuna mana ranar da zai rubuta shafin ƙarshe da yatsan nan nasa ɗaya.