Kiran Awakin Inna a Bakin Kuraye

Zuwa ga ƙanena Mudathir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta jini da kewa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya a can Kanada, Ya kare ka daga sanyin ƙasar, Ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan Dakoro lafiya lau, sai godiya. An gama yankan hatsi, kuma bana gonar Ɗan Gulbi ba ta ba mu kunya ba. Baba yana wurina tun bayan girbi saboda gwiwarsa. Likita ya hana shi doguwar tafiya, sai ya wuni ƙarƙashin rumfa yana mita. Ɗiyata Laila ta shiga lakwal ta fara karatun boko, ƙanwarmu Aziza kuma ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Zakiru.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka, don na san idan na ji muryarka yanzu bakina zai riga hankalina. Maganar wasan yaƙin nan ce da ka aiko mana cikin tabilet, wanda ka ce an ɗauki muryarka a cikinsa, ka ce mu bi labarin har mu kai inda za mu ji ka. Ka san yadda muka yi murna. Baba sai da ya gaya wa kowa a masallaci cewa ɗansa yana magana a cikin na'ura. Kullum bayan La'asar, in akwai kuran ɗin lantarki, ni da maigidana baban Laila sai mu zauna gefen tabarmar Baba, ni ina karanta Faransancin ina fassarawa, baban Laila yana jera mayaƙa.

Da farko ba zan yi ƙarya ba, labarin ya kama mu. Sarauniyar birnin kogi ce wani matsafi ya kashe mata uba ya gudu, mu kuma mu ne kwamandan rundunarta. Muka gina ganuwa, muka noma gonaki, muka tara maharba da dawakai masu fukafukai, muka ci dodannin fadama, muka haye duwatsun ƙanƙara. Baba ya zama mai ba da shawara, yana cewa kada a tura doki cikin laka, kada a bar rumbu ba mai tsaro. Ranar da muka kayar da ƙaton nan mai ido ɗaya har tafi ya yi.

Sai labarin ya kai mu hamada. Aka ce matsafin ya ɓuya wurin mutanen rairayi, kuma su ɓarayi ne tun asali. Mudathir, da suka bayyana sai da na ajiye tabilet ɗin a cinyata. Kawunan kuraye gare su, miyau na zuba, amma rawaninsu irin na Baba ne, tantinsu na fata irin wanda aka haifi kakarmu a ciki, ga raƙuma, ga awaki, ga rijiya da guga. Baba ya matso ya duba, ya ce ai waɗannan makiyaya ne, a tura musu manzo a tambaye su. Na nemi inda ake sulhu, babu. Baban Laila ya kewaye su da runduna ya ƙyale su, wai ko za su miƙa wuya, wasan ya ƙi gaba. Abin da aka rubuta a sama ɗaya ne: a ƙone tantuna, a cike rijiya. A cike rijiya fa! Wanda ya tsara wannan bai taɓa tsayawa da garke a bakin rijiya a watan bazara ba.

Don mu ji ka kawai muka danna. Wuta ta kama, matan kurayen suka fito suna gudu, sai ga muryarka. Ba kururuwa ba ce. Kiran nan ne da marigayiya Inna take yi wa awakinta da yamma, da jan nan nata mai tsawo da karyewar da take yi a ƙarshe. Ka kwaikwaye ta tsaf, ba ka bar komai ba. Masu wasan suka ɗauke shi suka sa a bakin dabba mai miyau ya zama kukan mutuwa. Kafin ya ƙare aka buga tambura, taurarin zinariya suka cika fuskar tabilet, sarauniya ta fito tana yaba mana. Sannan a layi ɗaya ta ce ashe matsafin bai taɓa zuwa nan ba, a kama hanyar gabas. Shi ke nan. Ba ta sake ambatonsu ba. Baban Laila ya kife tabilet ɗin ya ce shi da wasan nan har abada.

Ban sani ba ko sun nuna maka hoton kafin ka buɗe baki. In ba su nuna ba, sun ci amanarka. In sun nuna, to kai da Allah. Na san zaman can ba sauƙi, ban ce ka bar aikinka ba. Amma ko da sun ce ka yi musu kukan hamada, ka rasa abin ba su sai na mahaifiyarka?

Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba. Na zaci fushi ne. Washegari da hantsi ya kira ni, ya sunkuyar da kai, ya ce in sake kunna masa wurin nan. Ya ce tun da aka rufe ta bai ƙara jin kiran ba, har ya fara ɓace masa a kunne. Na duba ko'ina, ba yadda za a ji shi sai an koma matakin an sake sa wutar. Na sa, Mudathir. Da hannuna na sake ƙone tantunan, shi ya rufe ido yana saurare, ni na juya fuskata ga bango. Jiya ma ya roƙa, na ce masa babu sharji a tabilet ɗin, alhali akwai.

Saboda haka abu ɗaya nake nema gare ka, kuma ba roƙo ba ne, yayarka ce ke magana. Ka sami wuri shiru, ka yi kiran nan shi kaɗai, ba ganga ba wuta, ka turo shi ta bokal, saƙon murya, a wayata. Ranar da ya iso zan goge wasan. Kada ka jinkirta, don gobe ma zai tambaya, kuma ba zan iya yi wa tsoho ƙarya kullum ba.

Baban Laila yana gaishe ka, haka Aziza da maigidanta Sadiƙu, da Gwaggo Uwale, da Kawu Mamani na Kornaka. Laila ta ce a gaishe da kawunta. Baba bai san na rubuta ba, amma yana sa ka a addu'a kowace salla. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Furera Na'Allah
Dakoro