Maigida Ya Ja Magariba

Laraba da dare, Sharaɗa.

Shekara da shekaru maigida yana fitowa a maigadi ko ɗan sanda, daga dandamali har talabijin, ba wanda ya kula. Sau ɗaya ya fito a liman a fim, yau abokan aikinsa na kamfanin fatu suka tura shi gaba ya ja magariba. Wai kunya ta hana shi ƙi.

Hankalina ya tashi. Sallar mutane ce fa, kuma na san karatunsa.

Bayan isha'i ya ce, "Hajiya, saurari karatuna."

Ya fara da kakkaurar muryar nan ta fim. Na ce, "Malam, da taka muryar."

Tasa siririya ce, amma Fatihar ta fita daidai. Alhamdulillahi. Gobe sai mu kama sura.