Gilashin da Haruna Ya Fasa

Unguwar Waziriyya, daren Talata, Rajab 1430

Na bi ta ofishin inshora da la'asar. Har sun sa sabon gilashi, kamar ba a yi komai ba.

Jiya maƙwabcinmu Haruna ya fasa tsohon da rodi, bayan sun sake ƙin biyan wankin ƙodar matarsa Hajara. Da na ji labari, wallahi sai da na ce maganinsu ke nan. Yanzu yana tsare, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ƙasarsu Nijar za a mayar da shi.

Na kai wa Hajara kunu, ƙafafunta sun kumbura suntum. Ta ce, "Yaya, yanzu wa zai riƙa zuwa yana roƙonsu?"

Gilashi ya warke a yini guda, ita tana kwance.