Ƙamshin Baba

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da yarinya kuna lafiya. Ni dai ina nan, baya na ciwo, ina gyara gadon mutanen da ko fuskata ba sa kallo.

Ga sabulu nan cikin saƙo. A otal ɗinmu ba a amfani da na kanti, don ruwan wanka lambu yake gangarawa, na kanti kuwa ƙone shuka yake. Wata tsohuwa ce ke haɗa shi a bayan kicin, da toka da man kwakwa. Baƙi su wanke hannu sau ɗaya su bar shi, su tafi suna yabon kansu wai sun ceci duniya. Amma ba zan ci haƙƙin sabulun ba, yana da kyau.

Idon tsohuwar ya fara rauni, ni nake juya mata tukunya. Manaja ya ce in gaje ta, muddin na yarda in ƙara wasu shekaru a nan. Me kika gani?

Naki,
Baban Auta

Baban Auta,

Ina gaisuwa, ya gajiya? Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Maganar aiki kai ka san nauyinka, ban cewa komai.

Sai dai 'yarka ta hana a taɓa sabulun. Ƙarƙashin filo take ajiye shi. Jiya ƙanwarka ta miƙa hannu za ta ɗauka, Auta ta fizge, ta ce, “Gwaggo, bari, ƙamshin Babana ne.” Muka yi ta dariya. Daga baya na shiga ɗaki.

Ka huta lafiya.
Maman Auta

Maman Auta,

Ina amsawa. Wannan ƙamshin, duk wanda ya kwana a otal ɗin nan da shi yake fita. Ba nawa ba ne.

Na ce wa manaja ya nemi wani. Bai yi fushi ba, ya tambayi shekarun yarinyar, sai da na tsaya lissafi. Akwai zubin sabulun da muka yi bai gama bushewa ba, ba zan bar wa tsohuwa shi ɗanye ba. Yana bushewa zan kamo hanyar gida.

Ki ce wa Auta ta yi wanka da shi ya ƙare.

Naki,
Baban Auta