Tafintana Ya Sume a Ajin Masu Ciki

Anti, don Allah ki taimake ni, dabara ta ƙare min. Shekarata ɗaya a ƙasar nan, ga cikin fari wata bakwai. A yarensu gaisuwa kawai na iya, maigidana ne tafintana ko'ina. Mama kuma an hana ta biza.

A nan miji yana shiga ɗakin haihuwa, har aji ake yi musu. Makon jiya muka je, ungozoma ta kunna bidiyon wata mai naƙuda. Maigidan nawa, direban babbar mota guda, mai cika bakin ba ya tsoron komai, sai ji na yi tim, ya zube tsakanin kujeru. Ni da tulun cikina na durƙusa ina yi masa fifita da katin awo. Aka ɗaga ƙafafunsa, aka ba shi lemo da biskit, ni ko ruwa ba a miƙo min ba. Da ya farfaɗo, wai yunwa ce.

Yanzu ya dage sai ya shiga ranar haihuwata. Wallahi tsoro nake ji. In ya sake sumewa, wa zai faɗa musu inda ke min ciwo? In na hana shi, zai ce na raina shi. Ba ni da kowa sai tsohuwar ƙasan benenmu, wadda ta saƙa wa jaririn safa har tara, ita ma da hannu muke hira.

Mai Tafinta Ɗaya

Ƙanwata, na yi dariya, amma tsoronki gaskiya ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗa masa yau, cikin raha. A awo na gaba ki tambaya ko asibiti zai ba ki tafinta mace. Ki haddace kalmomi goma: ciwo, ruwa, dakata da makamantansu. Ki roƙi tsohuwar nan ta raka ki, mai saƙa safa tara uwa ce.

Shi kuma kada ki kore shi. Wanda wahalar matar da bai sani ba ta kayar, tausayi ne ya yi masa yawa. A zaunar da shi a kujera ta wajen kanki, ya riƙe hannunki, ya kalli bango.

Allah ya sauke ki lafiya. Biskit ɗin kuwa, wannan karon ki ci naki tun kafin ya faɗi.