Rabonki Na'ura Ta Cinye

Yaya Neibol,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar, yaya jikoki? Ni lafiya lau, jirgin ruwa ne dai ke jijjiga tsoffin ƙasusuwa.

Mun iso tsibirin Inna tare da masu auna gubar da ta rage a teku tun gwajin bom ɗin da ya kore mu, su za su ce ko mu koma gida. Kifin farko da na kama na ware miki, yadda aka saba. Shugabarsu ta ce, "Baba, kawo a niƙa a auna." Na ce, "Yarinya, na yayata ne, jira na biyu." Ta ce, "To mu fara tabbatar da cewa ba zai kashe ta ba."

Na miƙa. Na'ura ta cinye, ta ce lafiyayye ne. Kaguwa dai da saura, ba a yarda a ci ta ba tukuna. Fara ɗaure kaya, ba a Majuro, inda muke zaman gudun hijira, za a binne mu ba.

Ƙaninki,
Jeban