Bikin da Na Ƙi Karyawa

Batsari, watan Safar, 1951

Takarda ta fito daga hannun ƙanwarki Hansai zuwa ga Yaya Safiyyatu a Safana, tare da gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Yaya maigidan da yara? Salmanu mai gishiri, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya ce mini kurkunun ya fito a ɗaya ƙafar ma. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai nauyin ciki. Ungozoma ta ce watan gobe ne in Allah ya yarda.

Bayan haka, Yaya, cikina cike yake da magana, kuma ba ni da wurin zazzage ta sai wurinki. A kan Turai ce. Turai dai tawa, wadda muka yi babbaƙu da farfaru tare a zauren Baba, muka yi aure shekara ɗaya. Yau wata biyu ke nan ba ta zauna a ɗakina ta sha ko ruwa ba, sai dai saƙon gaisuwa a bakin mutane. Kin san inda take wuni? Gidan Hadijatu, matar mai awon gyaɗar kamfani, waɗanda suka zo daga Katsina bara. Da sassafe take shiga, ba ta fitowa sai la'asar sakaliya. Ba ji na yi ba, ta kafar danga nake ganin wucewarta, da tulun cikin nan nawa.

An ce ɗakin Hadijatu jeren tasoshi ne har sama, an ce da sukari take shan shayi, an ce ba ta maimaita zane. To, sai me? Me suke faɗa tun safe har yamma? Ni da Turai shekara ashirin muna tare, ban tuna ranar da muka wuni cur ba. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi, kuma yana cina har tuwo ba ya wuce mini.

Abin da na sa wa ido shi ne bikinmu. Ni na fara shi, da sisi, ranar sunan Asama'u, 'yarta ta fari. Ta ninka ta kawo mini sule a sunan 'yata Inno. Na kai biyu, ta kawo huɗu, shekaran bara na kai mata takwas. Yanzu in na sauka lafiya, sule goma sha shida ke kanta. Ranar zan gani ko har yau ta san hanyar gidana.

Sana'a tana tafiya, alhamdu lillahi. Ƙuli da mai ba sa kwana, tumakina biyu kuma duk sun yi ƙiba. Ga kwalbar mai nan na ba Salmanu, ki shafa wa ƙafar. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Hansai

Batsari, watan Takutaha, 1951

Zuwa ga Yaya Safiyyatu, bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na ga zanen goyo da kika aiko, Allah ya bar zumunci, ya saka da alheri. Yaro ya ci sunan Muntaka, yana nan sai tsotso, ni kuma ina fama da ruwan zafi.

Turai ta zo suna, Yaya. Ta kawo sule goma sha shida cif, ɗaure a ƙyalle. Amma da na kwance, babu sule ko ɗaya a ciki, duk taro-taro ne da kobo-kobo, har da anini. Na ce a raina, wato Hadijatu ta kakkaɓe mata gindin gwangwani ke nan. Ta rame kuma, wuyanta ya yi tsawo, na kusa in tambaye ta ko shayin ne bai karɓe ta ba.

Da mata suka ragu sai ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, ta ce bikin namu ya yi nauyi, mu karya shi mu koma sule ɗaya kamar da. Na san wannan ba abin kunya ba ne. Ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, sau biyu suna karya nasu da ƙawarta, kuma tare suka tsufa. Wallahi har na buɗe baki zan ce to. Sai ta ƙara da cewa ai Hadijatu ma ta ce gara a karya.

Yaya, ji na yi kamar an watsa mini ruwan barkono. Ashe bikina da Turai, abin da muka raina tun daga sisi, shi ake shimfiɗawa a ɗakin tasoshi ana yanke masa hukunci? Wato ta sami ƙawa mai fam-fam, ni ta ƙuli sai a mayar da ni sule ɗaya. Na ɗaga murya yadda ragowar matan za su ji, na ce ni ban gaji ba, wanda ya gaji ya faɗa. Ta ɗauki jaririn ta yi masa wasa kaɗan, ta tafi ko tuwon suna ba ta ɗauka ba.

An sa auren Asama'u kafin azumi. Sule talatin da biyu ke kaina, fam ɗaya da sule goma sha biyu ke nan. Zan kai su ko da me zan sayar. Kada ki ce mini komai, na san abin da za ki ce.

Ki gaida maigidan. Wassalam.

Ƙanwarki,
Hansai

Batsari, watan Sha'aban, 1952

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da jin kin fara taka ƙafar har bakin rijiya. Yaya zafi? Mu nan ana ta fama, Muntaka ya fara zama.

Takardarki ta iso, na karanta faɗan da kika yi mini tun daga bismilla har wassalam. Kin ce kuɗin biki ba kyauta ba ne, kaya ne kake ɗora wa wanda ka ba. Kin yi gaskiya, amma takardar ta same ni na riga na sayar da tumakin. Duka biyun na tura kasuwa, ɗaya ma da ciki, mahauta suka taya su kamar na tsinto. Sule ashirin da uku suka kawo. Ragowar tara na cire daga jarin ƙuli, yanzu kaskon suya yana kife a bayan ɗaki. Maigidan ya yi ta faɗa kwana biyu, na ce masa ba da kuɗinsa na sayi tumakin ba.

Amma Yaya, da kin ga ranar bikin Asama'u! Sai da na bari gidan ya cika, Hadijatu tana zaune a kan kujera da atamfarta mai sheƙi, sannan na ce a ba ni faifai. Na riƙa ajiye sulallan ɗaya bayan ɗaya, sababbi, don sai da na canzo su musamman. Tsohuwar da ke sanarwa tana ƙirgawa, mata suna amsawa, da aka kai talatin da biyu guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo. Kin san abin da Hadijatu, uwar ɗakin Turai, ta kawo? Sabulu sanda ɗaya da sule biyu. Duk tasoshin nan, sule biyu!

Turai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon faifan, sannan ta dube ni, ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Na ce kunya ce ta kama ta, ta ga wadda ta yar ta fi wadda ta ɗauka. Na kwana da daɗi a raina, ba zan yi miki ƙarya ba, ko da yake da safe ban da kobon sayen gyaɗa.

Auren Inno bayan kaka ne, kuma wannan karon ba ki da uzuri, sai kin zo. Fam uku da sule huɗu ke kan Turai. Sai Hadijatu ta buɗe babban akwati, mu ga iyakar ƙaunar.

Ki sa mu a addu'ar azumi. Na gaishe ki.

Hansai

Batsari, watan Rabi'us Sani, 1952

Zuwa ga Yaya Safiyyatu, gaisuwa da ban gajiya. Da fatan kun isa gida lafiya, kuma tafiyar ba ta tayar miki da ƙafa ba. Allah ya saka miki da alheri a kan wahalar da kika sha a bikin 'yarki. Amarya tana ɗakinta lafiya.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta sauran. Da idonki kin ga Turai ta ajiye fam uku da sule huɗu a faifai, kin ga ta tafi tun kafin a kai amarya. Kin kuma ga abin da na yi da kuɗin, don tare muka zaɓi tasoshi da langunan da aka jera wa Inno. Na so a ce jeren 'yata ya kai na Hadijatu, kuma an faɗa.

Kwana huɗu bayan tafiyarki sai ga Hadijatu da kanta a gidana, ta zo yi mini barka. Na shimfiɗa mata tabarma ina cika ina batsewa. Matar nan ba ta da girman kai ko kaɗan, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Cikin magana take tambayata ko na yi sallama da Turai, tunda jibi za su tashi. Na ce su tashi zuwa ina? Ta dube ni da mamaki, ta zaci na san komai, sai ta warware mini.

Tun da atamfar kanti ta cika kasuwa, saƙar Sada mijin Turai ta mutu. Sai ya yi sati bai sayar da ko zane ɗaya ba, ga haraji. Duk wunin nan da nake leƙe ta danga, aiki Turai take zuwa yi. Ɓarar gyaɗa, surfe, daka, wanke-wanke, a ba ta taro da yamma. Taro-taron nan da na raina, Yaya, guminta ne na wata biyu da ɗoriya, kuma don ni ta tara su, don kada ta shigo sunan ɗana hannu rabbana. Sule talatin da biyun da na kai mata sun shige hidimar auren Asama'u da harajin Sada. Da aka sa ranar Inno ta rasa inda za ta samo ninkinsu, sai ta jinginar da gonar da ta gada a hanyar Yasore, wadda ita ce ke ciyar da su. Hadijatu ta ce ta hana ta, ta ce ta zo ta gaya mini gaskiya. Turai ta ce ba za ta iya ba, don na riga na faɗa a gaban mata cewa wanda ya gaji ya faɗa.

Yanzu ba su da gona, za su koma Runka, Sada ya riƙa yi wa wansa noma. Gonar Turai tana jere a bangon ɗakin Inno, ni na jera ta da hannuna.

Na kwashi abin da ya rage, sule goma sha ɗaya, na nufi gidanta da rana tsaka. Na tarar ana ɗaure kaya. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi amarya, ta tambayi Muntaka, duk yadda ya kamata. Da na miƙa mata ƙullin ta mayar mini a hankali, ta ce kuɗin biki ba ya komawa, ta sauke nauyinta, kuma ta yafe ninkin, kada in sake wahalar da kaina. Ban ga fushi a fuskarta ba, da ma fushin ta yi. Na yi kuka, ta ba ni haƙuri. Ina zaune a tabarmar baƙi, Hadijatu kuwa, wadda ta riga ni isa, tana cikin ɗaki tana naɗe mata zannuwa, ta san inda kowane abu yake.

Ga abin da ya fi ci mini rai, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Har yanzu kishin bai sake ni ba, ya ma ƙaru. Shekara guda Turai tana kwana da yunwa, baƙuwar Katsina ta sani, ni ban sani ba. Ita ta ga hannuwanta sun yi kanta, ita ta ji kukanta. Ni kuwa ta yaya za ta gaya mini, alhali ni ce mai binta? Na ɗauka ina riƙe ta ne da kuɗin nan, ban san korar ta nake yi ba.

Sun tashi shekaranjiya da jakuna biyu. Ga sule goma sha ɗayan nan na ba Salmanu. Runka ba ta da nisa da ke. Ki sayi dawa da su, ki aika mata kaɗan-kaɗan a matsayin daga gare ki, kada sunana ya fito. Na sake ɗora kasko da gyaɗar bashi, duk abin da ya samu zan riƙa turowa, ko Allah zai sa wata rana a fanshi gonar. In ƙafa ta bari, ki je ki dubo mini ita, ki rubuto mini ko ta ƙara ramewa, ko ta ambace ni.

Amma Yaya, don girman Allah, in kin je kada ki daɗe. Kada ki wuni. Turai tana da shiga rai, na sani, ke kuma kina da daɗin zama. In na ji ke ma ta fara gaya miki abin da ba ta gaya mini, ban san yadda zan yi da raina ba.

Ki gaida maigidan da yara. Ki yafe mini, ki roƙa mini Allah.

Ƙanwarki,
Hansai